Yadda Ƙungiyar Makaɗan Rok Ke Tasowa Ba Tare da Kamfanin Faifai Ba

A wani gida da ke Mamobi, a nan birnin Accra, akwai ɗakin da samari biyar suke haɗuwa a cikinsa duk ranar Asabar bayan sallar la'asar, kuma ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwata ne. Abin da suka mallaka bai wuce jita biyu da jitar bes ɗaya ta gwanjo ba, sai tsohuwar amfilifaya da suke jona wa duka kayan. Ganguna kuwa na haya ne, kuma mai su yakan zo ya kwashe abinsa da daddare, domin da su za a yi ibada a wani coci washegari da safe. Kiɗan da suke yi shi ne wanda ake kira rok, kuma burinsu shi ne su yi suna ba tare da sun shiga hannun kowa ba. Wata rana muna shan shayi yaron ya ce mini: "Kawu, tunda yanzu kowa yana iya ɗora waƙarsa a intanet da kansa, me ya rage da kamfani zai yi mana?" Sai ya kawo misalin Arctic Monkeys, ƙungiyar Ingila da ake yawan cewa intanet ce ta ɗaga ta. Tambayar ta fi ƙarfin hirar shayi, kuma tun da na ga cewa samari da dama a Nima da Sabon Zango da Aboabo ta Kumasi suna da irin wannan tunani, na ga ya dace a warware lamarin dalla-dalla.

Rok kiɗa ne da aka gina a kan jitar lantarki da bes da ganguna da murya, kuma yawanci mutum huɗu ko biyar ne suke yin sa tare a lokaci ɗaya. Kalmar indi kuwa, wadda ake laƙaba wa ƙungiyoyin da suka taso ba tare da babban kamfani ba, gutsure ce daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. A farko ba ta nufin wani salon kiɗa. Tana nufin faifan da ya fito ba ta hannun manyan kamfanoni ba, waɗanda a yau uku ne suka rage suna riƙe da mafi yawan kasuwar duniya, wato Universal da Sony da Warner. Masu bin tarihin abin sukan fara lissafi daga watan Janairu na 1977, lokacin da wasu samarin Manchesta da ake kira Buzzcocks suka ranci kimanin fam 500 daga 'yan'uwa da abokai, suka buga ɗan faifai mai waƙoƙi huɗu da sunan kamfanin da suka ƙirƙira da kansu. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, amma daga ƙarshe sai da aka sayar da wajen 16,000. Wannan ya buɗe wa sauran matasa ido, ƙananan kamfanoni suka yi ta tsirowa, har a 1980 aka buɗe wa faifansu jadawalin ciniki na daban a Birtaniya. Daga baya ne sunan ya koma yana nufin salon kiɗan da irin waɗannan ƙungiyoyi suka saba yi. Saboda haka akwai matakai uku da ya kamata a bambanta: ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani, da wadda ke ƙarƙashin ƙaramin kamfani mai zaman kansa, da wadda ba ta sa hannu a takardar kowa ba. Ta ukun ce muke magana a kanta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan rabe-rabe, domin tun fil azal muna da makaɗin da yake da ubangida da wanda ba shi da shi. Narambaɗa makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa ne, kuma ci da sha da suturarsa da dokinsa suna wuyan fada, shi kuma bakinsa na fada ne. Mamman Shata kuwa ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma waƙa, kuma jama'a ce ta riƙe shi. Kamfanin faifai ubangida ne na zamani, sai dai shi ba ya kyauta. Abubuwa uku ya saba bayarwa: kuɗin ɗaukar waƙa a situdiyo, da hanyar kai faifai kantuna, da bakin da zai shigar da waƙar gidajen rediyo da jaridu. A zamanin da situdiyo yake cin dukiya, kuma buga faifai yake bukatar masana'anta da motocin rarrabawa, ba yadda za a yi talaka ya tsallake waɗannan ƙofofi uku shi kaɗai.

Wurin da matasa suka fi ruɗuwa shi ne maganar kuɗin da ake bayarwa ranar sa hannu. Idan aka ji an ba wata ƙungiya dala dubu hamsin, sai a ɗauka ta yi arziki, alhali kuɗin kafin alƙalami ne, kuma kamfani zai cire abinsa daga kason ƙungiyar kafin ta sake ganin ko kwabo. Bari mu buga misali da lissafi mai sauƙi. A ce an ba su dala 50,000, aka kuma rubuta cewa kasonsu kashi 20 cikin ɗari ne na abin da faifai ya kawo. Bashin ba daga dukan cinikin ake cire shi ba, daga wannan kashi 20 ɗin kaɗai ake cirewa, don haka sai faifan ya kawo dala 250,000 kafin a ce sun biya. A daidai lokacin da littafin kamfani yake nuna cewa ƙungiyar ba ta da ko sisi, kamfanin ya riga ya mayar da dubu hamsin ɗinsa, ya kuma riƙe dubu ɗari biyu. Sau da yawa kuɗin situdiyo da wani ɓangare na kuɗin bidiyo da na yawon wasa duk a kan wannan bashin ake ɗora su. Gaskiya ne cewa idan faifan ya faɗi ba a bin mawaƙa gida a ƙwace musu kaya, asarar ta kamfani ce, kuma wannan kasada ita ce hujjar da kamfanoni suke kafawa da ita. Amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne uwar faifai, wato asalin ɗaukar da daga ita ake yin kowane kwafi. A yarjejeniyar da aka saba yi, ita ta kamfani ce na tsawon shekaru masu yawa, ko bayan an gama biyan bashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan yakan kai mutum har furfura.

Yanzu mu koma kan labarin da yaron ya kafa hujja da shi, domin a cikinsa ne amsar take. An kafa Arctic Monkeys a 2002 a High Green, wata unguwa da ke gefen birnin Sheffield a arewacin Ingila, kuma samari huɗu ne 'yan unguwa ɗaya da ba su kai shekara ashirin ba: Alex Turner da Jamie Cook da Matt Helders da Andy Nicholson. Wasansu na farko a gaban jama'a sun yi shi a watan Yuni na 2003 a wata ƙaramar mashaya da ake kira The Grapes. Daga nan suka riƙa tara ɗan abin da suka samu suna zuwa wani ƙaramin situdiyo a garin suna ɗaukar waƙoƙin gwaji, sai su kwafe su a faifan CD su raba kyauta ga duk wanda ya zo kallonsu. Dalilinsu mai sauƙi ne: wanda ya san waƙa ya fi jin daɗin wasa, kuma idan ya dawo zai zo da abokinsa. Faifan ba su isa kowa ba, sai waɗanda suka samu suka riƙa ɗora su a intanet suna tura wa juna, har waƙoƙin suka taru suka zama kundi guda da masoya suka raɗa wa suna da kansu. Shafinsu na dandalin sada zumunta na MySpace da jaridu suka yi ta ambato ma masoya ne suka buɗe shi, kuma 'yan ƙungiyar sun sha faɗin cewa ba su da hannu a ciki. Abin da ya biyo baya shi ne, sai su je garin da ba su taɓa zuwa ba, su tarar da ɗaki cike da mutanen da suka haddace baitocin waƙoƙin da ba a taɓa sayarwa a kanti ba.

A watan Mayu na 2005 suka fitar da ɗan faifai da sunan nasu kamfanin, kuma a lokacin manyan kamfanonin Landan sun riga sun fara zawarcinsu. A watan Yuni suka zaɓi Domino, ƙaramin kamfani mai zaman kansa. Waƙarsu ta farko a ƙarƙashinsa ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Birtaniya a watan Oktoba, sannan kundinsu na farko da ya fito a Janairun 2006 ya sayar da kwafi fiye da 360,000 a mako ɗaya, abin da babu kundin farko na wani mawaƙi da ya taɓa yi a ƙasar kafin lokacin. A wannan shekarar suka ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya fi fice a shekara.

Idan aka duba jerin abubuwan nan da kyau, za a ga cewa intanet ta shigo ne a tsakiyar labari. Kafin ta akwai shekara biyu na atisaye da wasa a ƙananan ɗakuna, akwai gari mai wuraren da za su bar yara marasa suna su hau dandamali, akwai kuma waƙoƙin da aka rera da karin harshen Sheffield a kan rayuwar daren Sheffield, da masu gadin ƙofar gidan rawa, da layin jiran tasi, ta yadda ɗan garin zai ji an ambaci abin da ya faru da shi a makon jiya. Intanet ta ɗauki muryar ɗari ta mai da ita dubu, amma ɗarin farko a ƙafa aka same su. Abu na biyu kuma shi ne, daga ƙarshe sun sa hannu. Amfanin zaman da suka yi ba kamfani shi ne, ranar da aka zauna ciniki sun zo da jama'arsu a bayansu, su ne suke zaɓe, ba a zaɓe su ba. A ganina wannan ne ainihin ma'anar tasowar ƙungiyar da ba ta da kamfani: lokaci ne na tara ƙarfin ciniki, kuma duk wanda ya ɗauke shi a matsayin addinin da ba a fita daga cikinsa ya yi wa labarin gurguwar fahimta.

Akwai misalan da ke nuna ɗaya gefen. A Janairun 2007 aka sauya dokar jadawalin Birtaniya, aka yarda a ƙirga waƙar da aka saya ta intanet ko da ba a buga ta a faifai ba. A cikin watan wata ƙungiya daga yankin Essex mai suna Koopa ta zama ta farko da ta shiga sahun waƙoƙi 40 na sama ba tare da kamfani ba, inda ta kai matsayi na 31. An rubuta sunanta a tarihi, amma yau da wuya ka sami wanda zai iya rera maka baiti ɗaya nata. A Amurka kuma, Clap Your Hands Say Yeah sun fitar da kundinsu da kansu a 2005, suna zuba faifai a ambulan suna kai wa gidan waya da hannunsu, sai mujallar intanet ta Pitchfork ta yaba musu matuƙa, odar ta yi musu yawa har suka rasa yadda za su yi da ita. Da kundi na biyu ya fito a 2007, masu sharhin da suka ɗaga su sun riga sun juya ga wasu sababbi. Shaharar da ta zo daga bakin 'yan sharhi ko daga sauyin doka tana da saurin hawa, kuma da irin saurin take sauka, domin ba ta da saiwa a wani gari.

Daga wancan lokaci zuwa yau, ƙofofi biyu daga cikin ukun nan sun faɗi. Ana iya ɗaukar waƙa mai kyau da kwamfutar tafi-da-gidanka da makirfo biyu. Wani matashi Ba'amurke, Will Toledo, a kujerar bayan motar gidansu ya riƙa ɗaukar muryarsa, ya yi ta zuba kundaye a shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp da sunan Car Seat Headrest tun daga 2010, sai a 2015 ya shiga kamfanin Matador. Rarrabawa ma ta zama abin sayarwa kamar kati: DistroKid ko TuneCore za su karɓi kuɗin shekara su kai waƙarka Spotify da Apple Music da Boomplay da Audiomack, uwar faifai kuma tana hannunka. Spotify ta buɗe a Gana a watan Fabrairu na 2021. Sai dai ƙofa ta uku, wato kunnen jama'a, ta ƙara tsauri, saboda wajen waƙoƙi 100,000 ne ake ɗorawa a waɗannan manhajoji kowace rana. Ga kuma maganar kuɗi. Spotify ba ta da tsayayyen farashi na kowane sauraro. Tana tara abin da ta samu a kowace ƙasa ne ta raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu, kuma ƙiyasin da aka saba yi shi ne dala 3,000 zuwa 5,000 a kan sauraro miliyan ɗaya. Sauraron da ya fito daga ƙasa irin tamu, inda kuɗin rajista yake da arha kuma mafi yawan mutane kyauta suke ji, bai kai haka ba. Tun daga 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ba a biyan ta komai a kan ɗaukarta. Idan aka raba abin da ya rage gida biyar, za a fahimci dalilin da ya sa ƙungiyar rok a ko'ina a duniya take rayuwa da kuɗin ƙofa da sayar da riguna, ba da wayar mutane ba.

A nan ne lamarin ya zama namu, domin abin da Sheffield ta ba waɗancan yara shi ne abin da Accra ta rasa, kuma rashin yana da tarihi. Ƙasar nan ta taɓa zama gidan makaɗan jita. Teddy Osei da Sol Amarfio da Mac Tontoh, 'yan Gana ne da suka kafa Osibisa a Landan a 1969, suka haɗa rok da kiɗan gida suka zagaye duniya da shi. Ranar 6 ga Maris 1971 shahararren makaɗin jitar rok Santana ya yi wasa a dandalin Black Star tare da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner, kuma samarin Accra da suka kwana a wurin sun koma gida da sha'awar jitar lantarki. A lokacin otal-otal da gidajen rawa suna da ƙungiyoyin makaɗa na dindindin. Sai tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, sannan bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai wajen shekara biyu da rabi. Makaɗin da dare ne kasuwarsa, aka rufe masa kasuwa. Aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Wasu makaɗan suka tafi Najeriya, wasu Jamus, inda aka haifi salon hailaif ɗin da ake kira boga. Da aka ɗage dokar, masu sa faifai da manyan lasifikoki, waɗanda ake kira sifina, sun riga sun gaje wurin, domin mutum ɗaya da na'ura ya fi mutum goma arha. Da hiplaif ta zo a tsakiyar shekarun 1990 ta hannun su Reggie Rockstone, an riga an saba da waƙar da ake haɗa kiɗanta a inji.

Makaɗan da suka rage a gida coci ne ya ba su mafaka, kuma har yau coci ne babbar makarantar kiɗa a Gana. A can yaro yake taɓa ganguna yana ɗan shekara goma, yana wasa a gaban jama'a duk mako, da kayan da bai saya ba, a ƙarƙashin manyan da za su gyara masa hannu. Wannan shi ne abin da ba a cika faɗa ba idan ana tambayar dalilin da ya sa zango ya fitar da mawaƙa masu yawa amma bai fitar da makaɗan jita da ganguna ba. Ɗan zango Musulmi ba shi da wannan makaranta. Yana da murya, yana da baiti, kuma Nima ta nuna haka tun zamanin VIP, waɗanda suka sa Hausa a cikin hiplaif har ƙasa duka ta rera. Amma hannu a kan tsirkiya yana bukatar shekaru da kayan aiki da ɗakin da maƙwabta za su yi haƙuri da ƙara, ga wutar lantarki da ba ta da alkawari. Ga kuma kallon da gidajenmu suke yi wa makaɗi, wanda har yanzu wasu ba su raba shi da maroƙi ba, da kuma gaskiyar cewa mafi yawan wuraren da ake kiɗa kai tsaye a Osu da kewaye wuraren shan giya ne, inda uwa ba za ta so a ce an ga ɗanta ba. Ba na ganin damuwar iyaye a matsayin jahilci. Damuwa ce ta gaske, kuma duk ƙungiyar da ta fito daga zango sai ta san yadda za ta zauna da ita. Wuraren da suka rage, irin su +233 da Alliance Française da bikin Chale Wote da aka fara yi a Jamestown a 2011, suna da daraja amma ba su da yawa, kuma sun fi karkata ga wanda ya riga ya yi suna. 'Yan ƙungiyar Dark Suburb, masu rufe fuska da hoton ƙoƙon kai, sun nuna cewa ana iya yin rok a Accra a ja hankalin mutane, sai dai ƙungiya ɗaya ba ta zama kasuwa.

Wani zai ce ai ga samarin Kumasi masu salon rap na Asakaa, waɗanda suka tashi daga unguwa ba tare da babban kamfani ba, har waƙar Yaw Tog ta 2020 ta kai ga Stormzy na Ingila ya shiga cikinta a shekarar da ta biyo. Ga kuma Black Sherif, ɗan zangon Konongo, wanda waƙoƙinsa na 2021 suka bazu a wayoyi kafin duniya ta san shi. Misalan gaskiya ne, kuma suna tabbatar da abin da na faɗa a kan Sheffield, domin dukansu da harshen titinsu suka yi magana, kuma unguwarsu ce ta fara ɗaukar su. Bambancin yana wajen tsada. Mai rap yana bukatar mai haɗa kiɗa ɗaya da makirfo ɗaya, kuma zai iya hawa dandamali da filashi a aljihu. Ƙungiyar rok tana bukatar mota, da injiniyan sauti, da awa guda na gwada kaya kafin wasa, da bakin mutum biyar da za a ciyar. Mai shirya taro da ya lissafa wannan sai ya kira mai filashi.

Misalin da na fi so samarin Mamobi su duba bai kai Ingila nisa ba. Mdou Moctar Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar, ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗa ba, ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a kai shi kanti ba. Waƙoƙin sun yi tafiya ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, a tasha da kasuwa da cikin motocin da ke ratsa sahara, har suka isa arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a wani kundi na kamfaninsa Sahel Sounds, sannan ya shiga neman mai ita. A 2021 kundin Mdou Moctar ya fito a ƙarƙashin Matador, kuma yau ana lissafa ƙungiyarsa cikin fitattun ƙungiyoyin rok na duniya, alhali da Tamashek yake waƙa. Katin memori ya yi masa aikin da MySpace ya yi wa Arctic Monkeys. Abin da ya yi masa aikin mashayar The Grapes kuwa shi ne bikin aure. A Agadas ba a cika biki ba tare da makaɗan jita ba, don haka ƙungiya takan yi wasa sau da yawa a mako, a fili, a gaban tsofaffi da yara, da janareta da amfilifaya mai ƙura, ana biyan ta, kuma idan ta gaza sa mutane rawa ba za a sake kiran ta ba. Gari ne na Musulmi, ba coci ba mashaya, amma ya samar wa jita makaranta da kasuwa a wuri ɗaya.

Zangon Accra da na Kumasi ba su rasa biki ba. Kusan kowace Lahadi akwai titin da aka toshe da rumfuna a Nima ko Asawase saboda aure ko suna, ga shagulgulan sallah da ke tara dubban mutane. Kuɗin kiɗan waɗannan tarurruka yana tafiya ne ga mai lasifika. Ƙungiyar da ta iya shiga wannan fili, ko da rabin awa ne kafin mai lasifika ya karɓa, ta sami abin da ba a saya a DistroKid. Amma shigar tana da sharaɗi, domin gwaggo da ta zo bikin 'yar ɗan'uwanta ba za ta tashi rawa don an kwaikwayi samarin Ingila ba. Sai an rera da Hausar zango yadda ake yin ta, da Twi da Turancin titi da suke cakuɗe a cikinta, sai an ambaci tiroto da ruwan da ke cika kwata idan damina ta sauka da ɗan'uwan da ya bi hanyar Libiya aka daina jin labarinsa, sai kuma gangunan sun saurari kalangu da gangar Dagomba sun koyi wani abu. Na ji waƙoƙin yaran guda shida, biyar da Turanci, ɗaya da Hausa, kuma ta Hausar ce kaɗai na ga yaran gidan suna maimaita amshinta a tsakar gida.

Saura abu ɗaya da ya fi kashe ƙungiyoyi fiye da kowane kamfani, wato rabon da ba a yi magana a kansa ba tun ana abokai. A kowace waƙa akwai haƙƙi iri biyu: haƙƙin wanda ya tsara baiti da karin waƙa, da haƙƙin ɗaukar da aka yi. Idan mutum ɗaya ne yake rubutawa, shi kaɗai zai riƙa karɓar kaso na farko duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, mai ganga kuma yana kallo, kuma daga nan ake fara gaba. Wasu ƙungiyoyi sukan raba komai daidai don a zauna lafiya, wasu sukan fifita marubuci; kowanne yana yiwuwa muddin an rubuta shi tun kuɗi bai zo ba. A Gana dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ce take kare waɗannan haƙƙoƙi, GHAMRO ce take karɓar kuɗin amfani da waƙa daga gidajen rediyo da wuraren taro ta raba wa waɗanda suka yi rajista, MUSIGA kuma ita ce ƙungiyar ƙwadagon mawaƙa. Mawaƙa sun daɗe suna kuka da ƙarancin abin da ke fitowa daga wannan rabo, amma wanda bai yi rajista ba ko kukan ba shi da hurumin yi.

Da na koma wurin ɗan ƙanwata, takarda na tafi da ita, na ce su biyar su zauna su rubuta wa ya mallaki sunan ƙungiyar idan wani ya fita, da sunan wa aka buɗe asusun da kuɗin intanet zai shiga, lambar wa za a riƙa tura kuɗin MoMo idan an yi wasa, da kuma kaso nawa za a ware don sayen gangunansu na kansu. Ya ce: "Kawu, ai ba mu sami ko sidi ɗaya ba tukuna." Na ce masa shi ya sa yau ne rubutun zai yi sauƙi. Sun yi gardama ta kusan awa biyu a kan kason marubuci kafin su sa hannu, kuma a wata mai zuwa za su yi wasansu na farko a gaban jama'a, a sunan jaririn wani maƙwabcinsu, inda aka ba su minti ashirin tsakanin cin abinci da isowar mai lasifika.